Neman Jan Biri Daga Tanut Zuwa Tudun Aduwa

Duk faɗin Damargu, daga kasuwar Tanut har inda gona ta ƙare rairayi ya karɓa, ban san wanda ya fi ni sanin dabba ba, ta tudu ko ta ruwa. Na yi shekaru ina sauka Kwatano ɗauko tsofaffin motoci kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a shagon kayan gyara, shi ya sa har yau ake kirana Na-Kwatano. A can bakin teku na ga kifin nan da ƴan boko ke kira rakan, wasu su ce shak, irin mai kai kamar guduma, ido ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kamar wanda aka ce ya zaɓa tsakanin gabas da yamma ya ce duka yake so. Biri kuwa tare muka tashi. A ƙauyenmu na Tudun Aduwa, bayan Belbeji, lokacin da nake yaro jan biri ya fi yaran gari yawa, kuma bai fi mu rashin kunya ba sai kaɗan.

Wannan ilimi ne ya jawo tafiyar da zan ba ku labari. Babbar ƴata Habsatu tana karatun muhalli a jami'a a Damagaram. Ta zo gida hutun ƙarshen mako, ta ce an ba ta eksipoze, wato za ta tsaya gaban ƴan ajinsu da malaminsu ranar Alhamis ta kwatanta dabbobi biyu da ke neman ƙarewa: kifin nan mai kan guduma, da jan birin ƙasarmu. Na ce mata na kifi gaskiya ne, da idona na ga masunta suna yanke masa fikafikai suna shanyawa a rana. Amma duk wanda ya rubuta cewa jan biri na ƙarewa bai taɓa taka Tudun Aduwa ba. Na bugi ƙirji a gaban uwarta da ƙannenta, na ce zan je in ɗauko mata bidiyon garke guda, ta kai wa malamin ya gyara littafinsa. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Baba, in na faɗa wa mushe, ba janyewa fa." Mushe shi ne malamin nasu, haka masu bokon Faransanci ke kiran malami ko babban mutum. Na ce ta faɗa masa, ta ƙara da cewa ya tanadi kujera don kada mamaki ya kayar da shi.

TANUT ZUWA SABON KAFI

Ranar Litinin, ana idar da sallar asuba na ɗauki jaka. Maiɗakina Balki ta cusa mini kilishi da ƙuli-ƙuli, ta tambaya ko birai ne za su ci ko ni. Na rataya jakata na fita, mai babban aiki a gaba ba ya tsayawa amsa kowace magana.

A tasha na samu a-kori-kurar Ɗanjuma, wanda rabin ƙarfen motarsa daga shagona ya fito, sauran rabin kuma addu'a ce ke riƙe da shi. Ya ba ni gaba, ni da wani dattijo Bafulatani da ƙwaryar nono a cinya. A baya an loda buhuna, tumaki uku, da mutanen da ban iya ƙirgawa ba don wasu ƙafarsu kawai ake gani. Mun fita daga gari rana ba ta gama fitowa ba.

A bariyar jandarma ta kudancin gari aka karɓi katin kowa. Jandarman, matashi ne mai fara'a, ya tambayi inda na nufa da abin da zan yi. Na ce neman biri. Ya juya katin gaba da baya, ya sake duban fuskata, sannan ya ce in na same shi in tabbata ya zo da takardunsa, don ba ya wuce da kowa haka nan.

Daga nan har Sabon Kafi na buɗe makaranta a gaban mota. Na bayyana musu cewa kifin nan ba ƙwai yake zubawa kamar tarwaɗa ba, ƴaƴa yake haihuwa, kuma yana daɗewa kafin ya isa haihuwar. Saboda haka in taru ya kwashe manya da ƙanana tare, babu mai maye gurbi. Na ce tsawonsa ya kai motar nan. Ɗanjuma ya ce bara na ce masa ya kai jaki biyu. Na ce ai kifi girma yake yi. Dattijon ya tambaya ko ana tatsar sa. Da na ce a'a, sai ya gyara zaman ƙwaryarsa ya ce to Allah ya ba masu shi haƙuri, bai sake sa baki ba.

Da na juyo kan biri, Ɗanjuma ya ce tun yana yaron mota yake bin hanyar nan, bai taɓa ganin biri ya gitta ba. Na ce masa da irin kukan da injinsa ke yi, ko aljani ba zai gitta ba.

FALANKO

A Sabon Kafi muka bar kwalta. Na sha shayi da burodi, na jira motar da za ta yi yamma har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Wadda na samu kat-kat ce, irin motar shiga rairayi, da ta ga zamanin shugabanni da yawa. Ba ta bi kai tsaye zuwa Belbeji ba, sai ta Falanko, inda direban zai sauke siminti. Na ce ba laifi, in fara kallon biran Falanko a matsayin buɗa-baki.

Lokacin kaka ne, hatsi ya nuna, dammuna jere a gonaki. Wannan shi ne lokacin biri, lokacin da a da ake tura yara gadi da gwangwanaye da majajjawa. Na leƙo kai ta taga tun daga Sabon Kafi har wuyana ya ƙage. Na ga jakuna, na ga amalanke, na ga wani mutum yana barci ƙarƙashin magarya da rediyo a ƙirjinsa. Abin da na lura da shi, ban kuma so na lura ba, shi ne gona tana ƙarewa wata na farawa. Dajin da ke raba gari da gari, wanda a da in ka shiga sai ka yi ta karanta abin da ka haddace, ya zama ɗan siririn kan iyaka da akuya ma ke tsallakewa.

Na sauka gidan Malam Hashiru, mai injin niƙa, wanda ke sayen bel ɗin inji a wurina. Ya karɓe ni da fura mai sanyi, da yamma aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu yana yawo a sama. Bayan mun ci, maƙwabta suka taru a ƙofar gida, na jefa tambayata. Wani tsoho ya ce yanzu abin da ke damunsu tsuntsu ne da fara, biri kam ya manta rabon da ya ji an yi ƙararsa. Jikokinsa sun taɓa ganin ɗaya, amma a kasuwa, a hannun masu wasa, da ɗan wando da igiya a ƙugu, yana yi wa mutane gaisuwar soja. Na ce musu Falanko dama can ba garin birai ba ne, biri dabba ce mai zaɓen wuri. Malam Hashiru ya ce to su gode wa Allah da bai zaɓe su ba.

BELBEJI

Talata da hantsi muka tashi. Hanyar rairayi ce, motar ta kafe sau biyu, kuma duka biyun a tsakiyar ƙarangiya. Duk wanda bai taɓa tura mota cikin ƙarangiya da babbar riga ba, bai san abin da ake kira wulaƙanci ba. Na isa Belbeji bayan azahar kamar bushiya.

A nan zan gabatar muku da Idi. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, dillalin awaki a kasuwar Belbeji. Kun san tsakanin taubasai: ya zage ka ka yi dariya, ya ɗauke maka takalmi a masallaci ka koma gida ba takalmi, in ka yi fushi kai ne abin kunyar dangi. Ni da Idi mun shekara arba'in muna wannan yaƙi, kuma a lissafina ni ke gaba. Yana ganina ya ce, "Bawana ya iso. Wa ya yi maka ado da ƙarangiya haka, ko aure za ka ƙara?" Na ce masa na zo duba ko har yanzu yana sayar wa mutane tsofaffin awaki a matsayin ƴan shekara ɗaya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce gobe shi da kansa zai kai ni a babur. Da ina da wayo, wannan kirkin nasa ya isa ya sa in juya gida.

Kafin la'asar na leƙa wajen wani ma'aikacin gandun daji, na same shi yana shan shayi ƙarƙashin dogon yaro. Ya saurare ni da ladabi. Ya ce makiyaya kan ce sun hangi ɗan ƙaramin garke can cikin kwarin Tarka, jefi-jefi, amma shi tun da aka kawo shi bai sa su a ido ba. Ya ce jan biri a ƙasa yake yini, amma a bisa itace yake kwana, kuma ba sa cunkushewa a itace ɗaya, don haka garke guda na bukatar manyan itatuwa da yawa. In an sare su, an nome wurin, an saki karnuka, an kama ƴaƴan an sayar wa masu wasa, ga uwa ɗa ɗaya take haifa, sai a wayi gari babu. Na gode masa. A raina na ce mutumin yamma ne, bai san lungunan ƙasarmu ba.

Da yamma Habsatu ta kira. Ta ce ta gama ɓangaren kifi, har da hotunan fikafikan da ake lodawa zuwa ƙasashen gabas mai nisa don a yi miya da su. Ta ce ta bar ƙarshen jawabin fili saboda bidiyona, kuma mushe ya sanar da ajin cewa za a ga jan biri na Damargu a dajinsa. Ta tambaya a hankali ko ta shirya wani abu ko da ba a dace ba. Na ce kada ta ɓata lokacinta, matsalata ɗaya ita ce ko wayata za ta iya ɗaukar yawansu.

TUDUN ADUWA

Laraba da sassafe muka hau babur. Ni a baya, Idi yana bin kowane rami da gangan. Rabona da ƙauyen tun rasuwar mahaifina, kuma a wancan zuwan ban kalli daji ba. Yanzu da na zo kallo, sai na rasa abin kallon. Kurmin gawon da ke arewacin gari, inda birai ke kwana, ya zama gonar wake, da kututture nan da can kamar haƙoran tsoho. Aduwar da aka sa wa garin sunanta tana nan, ita kaɗai, an yi mata aski har ta koma kamar sanda.

A bakin rijiya muka tarar da mutane suna ban-ruwa. Bayan gaisuwa na tambaye su birai. Suka dubi juna, wani ya ce ai wannan sai labari, ɗansa da ya yi aure bana bai taɓa gani ba. Idi ya ce in jira shi nan, zai je ya sanar da maigari zuwana.

Abin da ban sani ba, Idi ya je ya gaya wa maigari a kunne cewa ni ne shugaban sabon furoje na birai, wato aikin tallafi, cewa Turawa sun ba ni kuɗi a raba wa duk garin da ke da biri, kuma na zo a babur ne don kada a gane ni. Ku da kuke zaune a ƙasar nan kun san abin da kalmar furoje ke yi wa ƙauye. An yi na rijiya, an yi na awaki, an yi na dashen itace, kuma kowa ya koyi darasi ɗaya: garin da ya ce ba shi da abin da ake nema, mota ba ta sake tsayawa a cikinsa.

Kafin in gama wanke fuska an shimfiɗa tabarma sabuwa, an kawo matashi, na ji kukan kaza ta ƙarshe a bayan danga. Mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando suka koma kirana Mushe. Ni kuwa na ɗauka garin ne ya gane darajata a ƙarshe, har na ɗan ji haushin jinkirin da suka yi.

Sai labari ya sauya. Mutumin nan na bakin rijiya ya dawo ya ce ya tuna, shekaranjiya birai sun cinye masa wake. Wani ya ce gonarsa ce hanyarsu ta zuwa shan ruwa, kullum sai sun gaisa. Wani ya ce shi tun kakansa gidansu ke kula da su. Wata mata ta aiko a tambaya ko za a bukaci mai dafa musu abinci. Na dubi Idi da alfahari, na ce ka ji ko, mutanen rijiya kunya ce ta hana su magana da farko.

Gwaggo Tamo ce, ƙanwar mahaifina kuma uwar Idi, ta fasa taron. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, amma muryarta na isa garin gaba. Ta zo da sandarta ta tsaya a kaina, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Mamman, an ce kai ne za ka kawo mana birai a mota. Ni na ƙare ƙuruciyata a bakin gona ina ihu har muryata ta fashe. In ka sauke ko ɗaya a garin nan, da kai da shi zan haɗa."

Na rantse mata ba ni da furoje, ba ni da mota, ƴata ce kawai ke son hoto. Jama'a suka yi murmushi suna gyaɗa kai. Ashe Idi ya riga ya gaya musu cewa manyan furoje haka suke, musu suke fara yi don su gwada gaskiyar mutane. Duk rantsuwar da na ƙara, sai darajata ta ƙaru. Ni kuma, tun da ga shaidu sun cika tabarma suna cewa akwai biri, ban ga dalilin tsananta bincike ba.

Bayan la'asar aka ce lokacin fitowarsu ya yi. Muka ɗunguma, ni a gaba, Idi a gefena, rabin mazan gari a baya suna tafiya da sanɗa. Muka bi ta gonaki har bakin wani kwari. Can nesa, wajen da rana ke shirin faɗuwa, akwai wani gawo da iska ta kwantar. Idi ya damƙe hannuna ya nuna. A kan kututturen ga wani abu ja, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya ɗora na gaba a reshe, yana cin wani abu.

Na yunƙura zan matsa, Idi ya ce kada in kuskura, jan biri ya fi doki gudu, in ya ji motsi shi ke nan. Wannan gaskiya ce, ni ma na sani. Tabarau kuwa na baro shi a shago, don a ganina masanin dabba ba ya bukatar gilashi. Na tambayi jama'a ko shi ne. Mutum wajen talatin suka amsa da raɗa, baki ɗaya, cewa shi ne. Na durƙusa cikin ƙarangiya, na jawo hoton da yatsa har iyakar ƙarfin wayar, rana na dukan idona. Sannan na shiga bayani da murya ƙasa-ƙasa irin ta masu shirin dabbobi a talabijin. Na ce ga babban namiji, mai gadin garke, sauran suna ɓoye a bayansa. Na ce a dubi faɗin kafaɗa. Har na yi masa sallama, na ce barka da yamma tsohon maƙwabci, ka gane ni kuwa? Ƙwalla ta zo mini, Allah shaida.

Rezo, wato sabis na waya, a Tudun Aduwa wuri ɗaya yake kamawa, bisa wani tudun rairayi a gabashin gari. Na hau shi da gwiwar nan tawa kamar ɗan shekara ashirin, na ɗaga waya sama har bidiyon ya tafi. Na bi shi da saƙon murya cewa a gaida mushe, a ce masa in yana da sauran tambaya ina shago. Amsar Habsatu ta zo gajeriya: ta gani.

Gab da magariba na shiga gidan Gwaggo, awaki na dawowa daga kiwo. Na zauna kusa da ita na ce ta kwantar da hankalinta, ba sai na kawo birai ba, suna nan abinsu. Na kunna mata. Ta kai wayar kusa da hanci, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Wannan ai Ƴar Maraɗi ce," in ji ta. "Ga tsumman da na ɗaura mata a wuya. Kullum sai ta hau gawon nan."

Na ɗago kai. A gabana, kusa da turmi, ga jar akuya da shuɗin tsumma a wuya tana tuƙa, tana kallona kamar ta gane muryar. Na juya neman Idi. Yana kwance a ƙasa bayan rumbu, ya rungume cikinsa, dariya ta hana shi numfashi. Shi ya sayo wa uwarsa akuyar, ya san inda take yini.

Na miƙe zan koma tudu, wayar ta yi ƙyaf ta mutu. Mai cajin hasken rana na garin ya tafi cin kasuwa da makullinsa. Idi, da ya ga fuskata, ya miƙo tasa wayar, sai na tarar lambar ƴata ban haddace ta ba, tana cikin gawar da ke hannuna. Babur ɗinsa kuma ba fitila. Ga eksipoze gobe da safe, ga yarinya za ta tsaya gaban aji da malami ta nuna musu akuyar Gwaggo da muryar ubanta a kai. Na so in shaƙe Idi, amma a gaban uwarsa, kuma taubashi, abin da al'ada ta yarda in yi shi ne in ce ya yi kyau. Na faɗa, da ƙyar.

Da Gwaggo ta tabbata babu motar birai, sai ta sauko. Ta kawo dambu da cuku, ta zauna tana ba ni labarin da na zo nema. Ta ce babban namijin kan hau suri ya zauna kamar ba ruwansa, kana kallonsa, matan na can ɗaya gefen suna karya zangarniya. Ta ce bayan manyan fari ne aka shiga saran itace ana sayarwa, mutane suka ƙaru, gona ta ci daji, ba wanda ya san ranar da na ƙarshe ya tafi. Ta ce ba ta kewarsu, amma wani lokaci in ta je gona da kaka shirun kan yi mata yawa. Sannan na faɗa mata da wani kifin teku ƴata ke kwatanta birin, ta tambayi labarinsa. Da na ce wasu fikafikan kawai suke yankewa su jefar da sauran cikin ruwa, ta ajiye cokali ta yi salati, ta ce ashe akwai masu almubazzaranci haka a duniya. Sannan ta ce shi wancan son sa ake yi ya jawo masa, namu kuwa ba mai son sa, amma duk hanyarsu ɗaya. Na ce Gwaggo, da wannan na ɗauka da ya fi. Ta ce da wayar da ta mutu?

KOMAWA

Alhamis, ana sallame asuba muka hau babur. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta fasa tayar baya. Muka tura shi cikin rairayi, Idi yana ba ni haƙuri yana fashewa da dariya a tsakiyar haƙurin. Da muka shiga Belbeji rana ta yi sama. Na miƙa wayar ga mai caji, na tsaya a kansa kamar mai jiran haihuwa. Tana farfaɗowa na kira Habsatu, wayarta a kashe. Na tura saƙo cewa kada ta nuna, akuya ce. Saƙon ya tafi ya zauna ba a buɗe ba.

Na samu motar da za ta bi ta Gangara zuwa Sabon Kafi. A wannan tafiyar ban koyar da kowa komai ba. Wani fasinja da ya san ni ya tambaya ko ba ni da lafiya. Hanya duka ina ganin ajin a idona: ana dariya, mushe na girgiza kai, ƴata tsaye da alli a hannu ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Yarinyar da ba ta taɓa kawo mini abin kunya ba, ni na aika mata da shi har Damagaram, da saƙon murya a bayansa.

Na shiga Tanut ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Ɗanjuma, da Malam Hashiru da iyalinsa, da ma'aikacin gandun daji da na raina maganarsa, da mutanen Tudun Aduwa da suka yi asarar kaza, da Gwaggo Tamo. Idi kuwa, Allah ya ba mu tsawon rai ni da shi.

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Balki ta ce in sa a fili kowa ya ji, na sa, don ba ni da sauran ƙarfin gardama. Na fara ba da haƙuri, Habsatu ta katse ni. Ta ce tun kallon farko ta gane, jan biri wutsiyarsa doguwa ce, wannan kuwa guntuwa ce tana kallon sama, ga shi a tsakiyar bayanina an ji kukan akuya. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi, ashe ba ta nuna ba.

Ta ce ta nuna, daga farko har ƙarshe, har aka roƙa ta maimaita, kuma mushe ya ce a duk ajin ba wanda ya kawo hujja mai ƙarfin tata. Na ji ƙirjina ya fara dawowa wurinsa. Na gyara murya, na dubi Balki, na tambayi yarinyar wace hujja ce haka.

"Ce musu na yi, Baba, shi kifin yana ƙarewa amma har yanzu masunta sun san fuskarsa. Birin namu kuwa ya daɗe da tafiya, har mutumin da ya ce tare suka tashi ya durƙusa yana gaida akuya."